Bencin Direbobi

Yayana direba ne. Ba irin na tasha mai zagin fasinja ba, da shi ne ma da na ji daɗi, aƙalla da na ƙaru da sabon zagi. Direban gida ne. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tuƙa wani mai kamfanin fenti, wanda duk gidanmu Maigida muke ce masa, don ban taɓa jin Yaya ya kira shi da wani suna ba. Da safe ya kai 'ya'yan Maigida makaranta, ya dawo ya kai shi ofis, ya koma ya ɗauki matarsa zuwa kasuwa ko gyaran gashi. Sauran yinin kuma jira. Tuƙi awa uku, jira awa tara. Ni da na gudu daga sakandare a aji huɗu ma na gane wannan ba tuƙi ba ne, gadi ne aka sa masa taya.

Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara tara, amma ba wanda zai gan mu ya yarda. Ni na yi gyaran waya, na yi sayar da takalma, na yi wata biyu a gidan burodi aka kore ni saboda baki. Shi kuwa aiki ɗaya, farar riga ɗaya tal a idon duniya duk da guda huɗu ce, tsumma a aljihun baya, hankici a na gaba. Ba ya fara magana sai an yi masa. Ko a falonsa bakin kujera yake zama, waya a kan gwiwa, fuskarta sama, kamar mai jiran sakamakon asibiti.

Matarsa tela ce, kekenta a falo yake, ni Anti nake ce mata. 'Ya'yansu biyu. Babbar shekararta takwas, muna kiranta Lauya, don in ka faɗi magana yau, bayan wata shida za ta maimaita maka ita har da kalar rigar da ka sa. Ƙaramin shekararsa huɗu, Tarakta, ba ya kauce wa komai, bi ta kai yake yi.

Duk dogon hutu Maigida kan kai iyalinsa wani tafki, tafiyar awa uku daga gari, wurin shaƙatawa ne da aka kewaye da katanga. Yaya ke kai su. In ya dawo Lauya ta haye cinyarsa, a nan ne kawai nake ganin bakinsa ya buɗe. Ya ba ta labarin kifaye masu zuwa cin burodi a tafin hannu, da lilon da ke ɗaga mutum har ya ga saman bishiyoyi, da ƙananan kwale-kwale masu filafili biyu, da wani ɗan tsibiri a tsakiyar ruwa mai bishiya ɗaya. Tun tana shekara biyar ya ce mata, "Wata rana ni da ke za mu shiga kwale-kwalen, ni zan tuƙa mu har tsibirin." Ya manta wa yake yi wa alkawari. Hutu uku ta yi tana tuna masa, hutu uku yana kai 'ya'yan wani.

Bana Maigida ya kwashi iyalinsa suka hau jirgi, sati biyu. Karo na farko da dogon hutu ya samu Yaya a gida. Anti ta tsayar da keke ta ce, "Bana ko a ƙafa sai mun je."

Ni na samo mota. Abokina bakanike yana da wata akwala da ko ɓarawo ya gan ta sai ya yi mata addu'a ya wuce. Ƙofar baya ɗaya da waya ake jan ta. Yaya ya karɓe ta ana gobe tafiya, ya yi awa biyu yana wanke ta, har tayar da ke cikin but sai da ya goge.

Da safe muka fito, sai ga shi cikin farar riga, an goge ta ƙal. Na ce, "Yaya, tafki za mu ko neman aiki?" Bai kula ni ba. Ya zagaya da sauri ya ja wayar nan, ya buɗe wa Anti ƙofar baya, ya ɗan sunkuyar da kai.

Anti ta tsaya da kular abinci a hannu. "Baban Lauya, ni baya zan zauna?"

"Ai ya fi daɗi," in ji shi.

"Wa ya gaya maka? Ka taɓa zama?"

Ta shiga dai, don Tarakta ya riga ya haye yana neman cire madubi. Ni na samu gaba, abin da ban roƙa ba.

Gaskiya ɗaya zan faɗa, Yaya ya iya tuƙi. Rami yana can nesa ya riga ya gan shi. Ruwan gora bai ko motsa ba a hannun Anti. Tarakta ya fara mutsu-mutsu, kafin uwarsa ta gane fitsari ne, Yaya ya samu inuwa ya tsaya. Amma motar shiru kamar ɗakin jarrabawa. Rediyo a kashe, sai da na kunna da kaina. Na fasa dafaffen ƙwai, ya ce, "Ba a ci a mota." Na ce, "Yaya, wannan motar an taɓa kwana da akuya a cikinta." Lauya tana ta zuba daga baya, wane kwale-kwale za su ɗauka, ita za ta riƙe burodin kifi, Baffa, wato ni, ba zai shiga ba don surutunsa zai kifar da su. Ubanta yana kallonta ta madubi yana cewa, "To. To." Kuma bai wuce sittin ba, gudun da matar Maigida take so. Tafiyar awa uku sai da muka yi huɗu da rabi.

Ƙarfe ɗaya da rabi muka isa. Ya tsaya daidai bakin ƙofa, ya yi wuf ya fita, ya buɗe baya, ya sauke kula da tabarma ya jera su gefen ƙofar. Sannan ya haɗa hannuwa a baya ya ce, "Ƙarfe nawa zan dawo?"

Anti ta kalle shi. Ni ma na kalle shi. Har Tarakta ya daina jan igiyar tabarma.

Ya yi 'yar dariya. "Ina nufin ku shiga, bari in ajiye mota."

Ga filin ajiye motocin baƙi nan a gabanmu, rabinsa ba kowa. Ina kallo ya wuce shi, ya bi jikin katanga, ya sha kwana ya ɓace. Na ce a raina wataƙila inuwa yake nema wa akwalar, kada rana ta ɓata mata tsatsa.

Anti ta sayi tikiti biyar, irin na takarda da ake ɗaurawa a hannu. Nasa ta ba ni in riƙe. Muka shiga. Wurin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Ciyawa kore shar, ruwa har inda ido ya tsaya, yara na ta ihu a lilo. A bakin ruwa akwai gadar katako, kwale-kwale a jere, da allo an rubuta cewa na ƙarshe yana tashi huɗu da rabi. Lauya ta karanta da ƙarfi sau biyu. Ta je wurin mai kwale-kwale ta karɓi rigar ruwa, irin mai hana nutsewa, ta sa, ta ɗaure duk igiyoyin. Sannan ta kare ido da hannu ta daɗe tana duban ruwan.

"Baffa, ina tsibirin?"

Na duba. Ruwa ne kawai, sai wani tsuntsu a kan gora. Na ce, "Ƙila ya tafi hutu shi ma."

Ba ta yi dariya ba.

Muka shimfiɗa tabarma. Tarakta ya ture wani yaro a lilo, na je ba da haƙuri. Ya faɗa cikin furanni, na je ba da haƙuri. Ƙarfe biyu da rabi Anti ta kira Yaya, ya ce yana zuwa. Uku ta kira, yana zuwa. Na ce wa Lauya ta zo ni da ita mu shiga, na fi ubanta ƙwanji. Ta ce, "Ba kai ka yi alkawari ba." Ta ƙi lilo, ta ƙi shinkafa, ta zauna a bakin gadar cikin rigar ruwa, gumi na bin wuyanta. Duk kwale-kwalen da ya dawo sai ta miƙe ta waiga ƙofa.

Huɗu saura kwata Anti ta rufe kula da ƙarfi. Ta ce, "Tashi ka kawo min yayanka, kafin in fita da kaina in yi abin da za a ɗauke ni a waya."

Na fita na bi jikin katanga. Ashe bayan wurin wata duniya ce. Ba ciyawa, ƙasa ce da tabon baƙin mai. Manyan motoci a jere a ƙarƙashin bishiyoyi, akwalarmu a tsakiyarsu kamar tsohuwa a layin 'yan mata. Ga mai shayi, ga dogon benci, direbobi kusan goma a kai. A tsakiyar bencin ga Yaya. Ya cire takalmi, ya naɗe hannun riga, yana buga ludo yana ƙyalƙyala dariya har da dukan cinya. Wallahi tun da aka haife ni ban taɓa jin wannan dariyar ba. Ita ta fi ba ni haushi. Ashe yana da ita, a nan yake ajiye ta.

Na tsaya a kansa. "Yaya, sannu da hutawa."

Ya ɗago. "An gama ne?"

"An gama me? 'Yarka tana can tun ɗazu cikin rigar ruwa tana dahuwa."

"Ina zuwa. Bari in ƙarasa wannan."

Wani dattijon direba mai furfura ya ce, "Samari, yi a hankali. Wannan da kake gani shi ne shugaban bencin nan. Mu nan ne namu, can na masu shi ne."

Na ce, "Baba, yau shi ne mai shi. Matarsa ce a ciki, 'ya'yansa ne a ciki, ga tikitinsa a hannuna."

Wani ya ce, "Shugaba, iyalinka ka kawo? Shi ne ka ce mana baƙin Maigida ne?"

Yaya ya tashi, ko takalmi bai gama sawa ba, ya ja ni bayan akwalar. Ya ciro tsumma ya fara goge gilashin da ba abin da ya same shi.

Na ce, "Baƙin Maigida? Anti ce baƙuwar Maigida?"

"Rage murya."

"Ba zan rage ba. Saura minti talatin a rufe kwale-kwale."

Ya goge gilashin nan har ya fara ƙara. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ban taɓa shiga ba."

"Ina?"

"Ciki."

Na ɗauka wasa yake, sai na tuna Yaya ba ya wasa. "Shekara goma sha ɗaya? To kifayen fa? Lilon fa?"

"A hanyar komawa yaran suke hira. Ina ji."

"Tsibirin fa?"

"Ƙaramin ɗan Maigida ne ya faɗa."

"Babu tsibiri, Yaya. Yaron nan ƙarya ya shirga, ko wani wuri ya gani a talabijin, kai kuma ka ɗauko ka kawo gida. Maigidan ne ya hana ka shiga?"

"Bai taɓa hana ni ba."

"To?"

"Bai taɓa cewa in zo ba."

Na rasa wanda zan mara. Mutum ya yi shekara goma sha ɗaya yana kai ka wuri, kana fitowa da yaranka jiƙe da ruwa suna lasar alawa, ba ka taɓa waigowa ka ce zo ka ga abin da kake kawo mu gani ba. Shi kuma wannan dogon, katanga ɗaya tsakaninsa da ruwa, bai taɓa ko leƙawa ba, don ba a ce ya leƙa ba.

Ya ce a hankali, "In na shiga za ta ce in nuna mata wurare. Ban san inda komai yake ba. Ban iya filafili ba. Ruwan ma tsoronsa nake ji. Na ce in na ɗan jinkirta, kai za ka shiga da ita, shi ke nan."

"Ka san 'yarka kuwa? Lauya ce fa."

Na kama hannunsa na ɗaura masa tikitin, na ja shi. Ni ƙarami ina jan babba, direbobi na kallo, ban damu ba. Yana tafe yana waigen akwalar. Na ce, "Bar ta. In an sace ta mun yi wa bakanike alheri."

A bakin ƙofa mai gadi ya washe baki. "A'a, direba. A kira maka su ne? Tsaya daga nan."

Kuma Yaya ya tsaya. Daidai inda aka nuna masa, ya haɗa hannuwa a baya, tikitin ya ɓuya a bayansa. Na finciko hannun na ɗaga. Mai gadi ya duba ya ce, "Wannan ai na baƙi ne. Wa ya ba ka?" Ya juya yana neman wani babba ya tambaya. Yaya yana cewa, "Ba komai, ba komai, a bi doka." Agogon ƙofa ya nuna huɗu da ashirin da biyar.

Sai ga Anti, Tarakta a saɓe a kafaɗa kamar buhu. Ban san tun yaushe take tsaye ba.

Ta ce wa mai gadi, "Malam, ni na saya masa. Mijina ne. Ko akwai layin da aka rubuta direba ba ya aure?"

Mai gadi ya daburce. "Yi haƙuri, baiwar Allah. Shekara da shekaru nake ganinsa, bai taɓa..."

"Na sani. Matsa."

Ta juyo kan Yaya. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. "Sati uku ina ɗinki har bayana ya ƙage don wannan yinin. Ban ce ka saya min komai ba. Cewa na yi ka zo ka zauna a tabarma da 'ya'yanka. In direba nake so, da na ɗauki haya, aƙalla shi zai yi gudu."

Ya ce, "Yi haƙuri."

"Ba ni za ka ba ba."

Muka ratsa ciyawar nan da sauri. Yaya yana tafiya a gefen hanya, yana kauce wa mutane, yana gaishe da duk wanda ya haɗa ido da shi. Da ruwan ya bayyana sai ya rage tafiya, bakinsa a ɗan buɗe. Na tura shi ta baya.

Mun makara. Mai kwale-kwale ya riga ya fara zura sarƙa yana ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Lauya na zaune inda na bar ta. Yaya ya je ya rusuna wa mutumin, wanda bai kai shi shekaru ba. "Ranka ya daɗe, a taimaka. Ko minti biyar."

"Huɗu da rabi ta wuce. In na sake ɗaya, aikina ne zai tafi."

Na buɗe baki zan fara, Anti ta take min ƙafa. Mutumin ya dubi Lauya da rigar ruwanta, ya ce, "Yarinyar nan tun rana take nan. In kuna so ku zauna a wancan kafin in gama da sauran. Amma a ɗaure yake."

Yaya ya sa ƙafa ɗaya, kwale-kwalen ya yi lilo, ya dafe gefe biyu da hannuwa ya durƙushe a ciki. Farar rigar ta sha ruwan ƙasan. Ya miƙa wa Lauya hannu ɗaya. Ba ta kama ba, ta shiga da kanta ta zauna tana fuskantarsa. Sarƙa ta miƙe, ta tsayar da su taku biyu daga gada.

Ta ce, "Baba, babu tsibiri."

"Babu."

"Kifayen ma na ba su burodi, ba su zo hannuna ba."

Ya ƙara riƙe gefen kwale-kwalen.

"Ka taɓa shiga wannan?"

Ina tsaye ina roƙon Allah ya yi mata ƙarya ɗaya ta ƙarshe, ko ya ce tsibirin ruwa ya cinye. Bai yi ba. Ya ce, "Ban taɓa ba. A waje nake jira. Labarin yaran Maigida ne nake kawo miki."

Ba ta yi kuka ba, ni da ta yi ma da na samu abin rarrashi. Ta kwance igiyoyin rigar ruwan ɗaya bayan ɗaya, ta ja sarƙar da kanta har suka matso, ta hau gada, ta miƙa wa mai kwale-kwale rigarsa ta ce ta gode. Ta wuce wurin tabarma ta fara naɗewa. Yaya ya zauna a cikin ɗaurarren kwale-kwale, shi kaɗai, har sai da mutumin ya ce zai kulle gada.

A wurin mota na riga shi zare makulli daga aljihunsa. Ya ce ba ni da lasisin kirki. Na ce ina da shi, kirkin ne babu. Anti ta shige gaba ta ja ƙofa. Bai da zaɓi, ya shiga baya, gwiwoyinsa sun tokare kujera, Tarakta ya haye jikinsa da ƙafafu duk laka. Lauya ta manne da ɗaya ƙofar, fuskarta a taga.

Na taka mota. Rana ba ta faɗi ba tukuna, hanya fayau. Ina jin ƙafarsa tana taka birkin da babu shi a bayan kujerata. Na ga wani rami tun daga nesa, na saita shi sosai na faɗa. Ba wanda ya ce min komai.

Mun yi kusan rabin awa haka, sai wayarsa ta yi ƙara. Saƙo ne. Ya karanta, ya mayar da ita kan gwiwa. Anti ta ce, ba ta waiga ba, "Shi ne?"

"Sun fasa sati biyu. Jibi za su sauka. Ya ce ranar Asabar yara suna son tafki."

Lauya ba ta juyo daga tagar ba. Ta ce, "Baba."

"Na'am."

"In ka kawo su, kada ka ba ni labari."

Ya ce, "To."